Ranar da Magena Ta Koma Baƙa

Magen ba ni na je na nemo ta ba. Wata safiya da damina na fito zubar da ruwan wanki, na same ta a bakin magudanar ƙofar gidanmu, jiƙe sharkaf, tana kuka da 'yar muryar da da ƙyar ake ji. Na daɗe a tsaye da bokiti a hannu. In na ɗauke ta, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyana. In na wuce kuma ta mutu, ai na gan ta. Ni haka nake tun ina yarinya, abu kaɗan sai ya tsaya mini a rai. Ina iya kulle ƙofa in kai bakin titi in dawo in sake taɓa kwaɗon. Daga ƙarshe na naɗe ta a bakin zanena na shiga da ita, ta girma a wurina, fara tas, da ɗan toka-toka a kunne ɗaya.

Gidanmu yana unguwar Gardole. Kakana ne ya kafa shi. Ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar zuwa Makka a ƙafa, ya yada zango a nan don ya huta, ya yi aure, hutun bai ƙare ba har Allah ya karɓi abinsa. Maigidana ɗan wan babana ne, saboda haka a gidan aka haife ni, a ciki aka aurar da ni, ɗaki kawai na canza. A da shi dillalin awaki da tumaki ne, har gwiwa ta zaunar da shi. Yanzu rago ɗaya da 'yan awaki yake kiwo a bayan madafa, kuma a ganinsa duk abin da ke tafiya da ƙafa huɗu ya san ciwonsa, ya san maganinsa.

Bayan magen ta girma ne aka ce ina da hawan jini, tansiyo kamar yadda suke cewa a lopital, wato asibiti. Likita ya ce in rage gishiri, in rage tunani, in riƙa tafiya kullum. Gishirin na rage. Tunanin kuwa ƙaruwa ya yi, don yanzu har da tunanin yadda zan rage shi. Tafiya kuma ina tsoron babban titi saboda 'yan kalando, masu ɗaukar mutane a babur, da ke ɓullowa ta inda mutum bai zata ba. Ni ko hawa babur ban taɓa yi ba. Sai na yanke wa kaina tafiya daga ƙofar gida zuwa wata dalbejiya da ke ƙarshen layinmu, in juyo.

A ƙarƙashin dalbejiyar akwai rumfar gyaran babura, kuma mai rumfar mace ce. Doguwa ce, ta girmi babbar 'yata da kaɗan, tana ɗaure kallabi tamau, da wata babbar rigar aiki mai ruwan bula a kan kayanta. Daga Najeriya suka zo ita da mijinta, shi yana sayar da kayan babura a unguwar Kabalaye. Gaisuwa kawai muke yi, har ranar da ta ɗago daga wani babur ta ce mini da Hausa:

"Yaya, ki zauna mana. Kullum sai ki zo ki taɓa bishiyar nan ki juya, kamar an aiko ki ki duba ko tana nan."

Na ce, "Likita ne ya ce in riƙa tafiya."

"To kin yi. Yanzu ni na ce zama."

Ta share mini benci da wani tsumma da ya fi bencin datti, na shimfiɗa gefen mayafina na zauna. Daga ranar zaman ya zama na kullum. Nakan tafi da fulas na karkanji mai zafi, wanda ita take kira zoɓo, da zarena da ƙugiyar saƙa. Ita tana kwance-kwancenta, ni ina saƙa hulunan jarirai, muna hira.

A nan na ji yadda ta fara. Mahaifiyarta tana da injin niƙa, in ya lalace sai a yi ta jiran mai gyara, mata na tsaye da kwanonin hatsi suna mita. Tun tana budurwa ta gaji da mitar, ta kwance injin da kanta. Daga nan sai janareta, sai babur.

Takan ce, "Duk cikinsu ɗaya ne, Yaya. Mai, iska, wuta. In ɗaya ya yi fushi sai a lallashe shi."

Baƙon mai babur in ya turo abinsa yakan leƙa bayanta ya tambaya da Larabci ina patron, wato maigidan wurin. Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi, sai ta ce, "Patron ya je awon ciki, sai dai ka yi haƙuri da ni."

Ni abin yakan dame ni a madadinta. Na taɓa tambayarta, "Ƙanwata, ba kya tsoron abin da mutane za su ce?"

Ta ce, "Ai sun riga sun faɗa. Suna gama faɗa babur ɗinsu ya mutu, suka turo shi nan."

Ina yi mata faɗan ciwon bayanta, don wuni take a sunkuye, ita kuma tana yi mini faɗan saƙata. In na hango ido ɗaya da ya karkace a can ƙasa, sai na warware hular duka. Ta ce jaririn da nake saƙa wa sai ya shiga lakwal, wato makaranta, kafin hularsa ta gamu. Nata abin sha'awar shuka ne. Ta jera tsofaffin tayoyi a gefen rumfar ta cika su da ƙasa, na'ana'a da barkono suna yi mata kyau, tumatir ne ya ƙi ta. Duk shekara sai ta shuka, duk shekara sai ya yi fure ya kakkaɓe, ta tsaya a kansa tana yi masa magana kamar ɗan da ya ƙi karatu.

In za ta tashi da yamma ina son kallon yadda take wanke hannu. Ba ta fara da ruwa. Man gyaɗa take zubawa a tafi ta murza har baƙin ya narke, ta ɗebi dusa ta goge, sannan sabulu. Ta ce kananzir ya fi sauri, amma yana fasa fata, kuma yaranta sun ce tuwonta na warin tasha.

Da zafin nan na kafin damina, lokacin da ko randa ba ta sanyaya ruwa, magena ta fara susa. Gashin wuyanta da na bayan kunnuwa ya zube, fatar ta yi ɓawo. Na shiga damuwa. Ko ni na ba ta abin da bai karɓe ta ba? Ko za ta shafa wa jikokina? Na nuna wa maigidana, ya kama ta ta ƙeya ya juya ta kamar akuyar da zai saya, ya ce, "Ƙazuwa ce. Na yi maganinta a awaki tun ba ki iya ɗaura zane ba. Ki bar mini."

Ban tambaye shi da me ba. Washegari ina da suna a unguwar Milezi, na fita da safe a motar haya, ban dawo ba sai bayan azahar.

Ina shiga na same shi a kan tabarma a inuwar zaure, yana ta fara'a.

Ya ce, "Na gama miki aikin."

"Wane aiki, Malam?"

Ya nuna ƙarƙashin randa da baki. Wani baƙin abu ne a takure a wurin, yana ƙyalli, sai idanu biyu. Na ɗauka wata magen ce ta shigo. Sai da ta yi kuka na gane muryar. Baƙin man inji ya shafe ta da shi, irin wanda ake juyewa daga babur, tun daga kai har wutsiya. Haka makiyaya da dillalai suke yi wa akuya mai ƙazuwa, na sha ganinsa yana yi. Amma akuya ba ta wanka da harshe. Magena kuwa ta lanƙwashe tana lasar cinyarta, bakinta da harshenta sun yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Malam, tana sha."

Ya ce, "Za ta daina in ta ji ɗaci."

Ba ta daina ba. Ban ko cire kayan suna ba, na yaye mayafina na naɗe ta ciki, na fita. Rabona da sauri irin na ranar tun ina budurwa.

Na tarar da ƙanwata tana ɗaura tayar wani ɗan kalando, wani dattijo mai tumbi da ke zaune a bencina yana fifita da hularsa. Na buɗe mayafin. Ta duba, ta ajiye sifana.

"Inna lillahi. Baba maigidanki ne ya zo da safe da gwangwani ya ce in ba shi baƙin mai na ƙazuwa. Ni na ɗauka ragon ne, har na ƙara masa."

"Zai yi mata illa?"

Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce a garejin da ta koyi aiki wata mage ta taɓa faɗawa cikin daron baƙin mai, aka yi dariya aka bar ta ta lashe kanta, ba ta ƙara tashi ba.

Ta ce, "Zauna, Yaya, kada mu yi jinyar mutum biyu. Riƙe mata kai, kada ki bari harshen ya kai jiki."

Ta jawo kwalbar man gyaɗarta da kwanon dusa, ta ɗora ruwa a kan ɗan murhun shayinta. Dattijon ya fara mita da Larabci cewa shi fasinja na wuce shi. Ta ce masa in yana son tayarsa da wuri ya zo ya kama ƙafafun baya. Ya ce shi tsohon soja ne, ba mai wankan mage ba. Ta ce to ga yaƙi ya samu. Ya taso yana dariya ya kama.

Ta riƙa zuba man gyaɗa a tafinta tana murza gashin a hankali, kashi-kashi, baƙin yana narkewa yana bin yatsunta. Ta barbaɗa dusa ta tsotse shi, ta kakkaɓe, ta sake. Magen tana ihu kamar ana yanka ta. Tsohon soja ya sha yakushi a hannu, ya ce a duk inda ya yi aiki ba a taɓa ji masa ciwo irin wannan ba.

Muna cikin haka sai ga maigidana yana ɗingishi, da kwalba a hannu. Ashe jikinsa ya ba shi.

Ya ce, "Ga kananzir, yanzu zai wanke shi."

Ta ce, "Baba, don Allah ajiye can nesa. Ka yi mata na farko, bar mana na biyun."

"Yarinya, ni fa na yi shekaru ina wannan magani."

"Na sani, Baba. Amma wannan akuyar taka tana kama ɓera."

Ya samu wata taya ya zauna, kwalbar a tsakanin ƙafafunsa, sai da aka zo ɗauraya ya tashi da kansa ya riƙa zuba ruwan ɗumi da buta.

Sai da aka yi ta maimaitawa, mai, dusa, sabulu, ruwa, kafin farin ya fara leƙowa. Bai dawo fari sosai ba, ya tsaya kamar tsohuwar rigar makaranta. Ta yanki kwalin wani kayan gyara ta yi mata kwala mai faɗi a wuya don kada ta kai baki jikinta. Magen ta zama kamar fitilar babur.

Na ce, "To wanda ta riga ta haɗiye fa?"

Ƙanwata ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin sifana."

Tsohon soja ne ya ce ya san wata likitar dabbobi a wajen Kabalaye, yakan kai ta aiki wani lokaci. Ya ƙara da cewa ita ma mace ce, garin nan dai mata sun gama karɓe shi, saura tuƙin jirgi. Ƙanwata ta ce ya yi haƙuri, suna hanya. Ya kwatanta mata wurin. Babur ɗinsa ba taya, maigidana ba gwiwa, motar haya kuma sai an fita babban titi an jira. Ta cire rigar aiki, ta turo nata babur ɗin, ta buga shi ya tashi.

"Hau, Yaya."

Na ce, "Ni? Ban taɓa ba."

"Na sani. Yau za ki taɓa."

Na tsaya ina kallon babur ɗin, ina kallon magen da muka sa cikin wani kwali a hannuna, ta yi laushi, ta daina ma kukan. Na tuna tansiyona, na tuna ban sha maganin rana ba, na tuna ban yi sallama da 'yata ba. Na karanta duk addu'ar da na sani ta hawa abin hawa, na ƙara da wadda ake yi in za a shiga kasuwa don kada a bar wata. Na hau a karkace, hannu ɗaya a kwali, ɗaya a cikinta.

Muna tafiya ta ce, "Yaya, sassauta kaɗan. In na suma duk mu uku ne."

"Ki bi a hankali."

"Wani mai kura yanzu ya wuce mu."

"Ki bar shi ya wuce, ba tare muke ba."

Idona a rufe muka yi rabin hanyar. Da na buɗe na ga iska tana shiga mini ta ko'ina, a cikin zafin nan da ko ganye ba ya motsi. Ban faɗa mata ba, amma na ji daɗin iskar.

Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau. Da Larabci muka yi magana. Ta shinshina magen, ta duba bakinta, ta saurari ƙirjinta, ta tambayi wanda ya wanke ta da abin da aka wanke ta da shi. Da ta ji, ta ce an kyauta da ba a sa kananzir ba. Ta ɗura mata wani baƙin magani a baki, na ce a raina yau dai magen nan ba ta rabu da baƙin abu ba. Ta ce maganin ƙazuwar sai ta warware tukuna. Abin da za mu sa wa ido shi ne ci. In ta ci ta sha, an tsallake. In ta yi ta amai ta ƙi abinci, in dawo da ita da sauri. Kafin mu fito su biyun suka tsaya hira, likita tana ba da labarin masu shanun da ke cewa a kira musu likitan na gaske, ƙanwata tana ba ta na patron. Har suka yi musayar lambar waya, don babur ɗin likitar ma yana tari da safe.

Ranar magen ba ta ci komai ba. Washegari ma haka. Ruwa kaɗan take lasa ta koma ƙarƙashin randa ta kwanta da kwalarta. Na kai mata madara, na kai mata romo, ta kau da kai. Na kasa saƙa, na kasa zama wuri ɗaya. Ina duba ta in fita in dawo in sake dubawa ko cikinta na motsi. Ƙanwata takan rufe rumfa da rana ta leƙo.

"Yaya, kin sha maganinki?"

"Ba ta ci ba."

"Ba ita na tambaya ba."

Maigidana kuwa ya yi shiru irin wanda ban saba gani ba. Rediyonsa ma bai kunna ba. Da safiyar da na ce in ba ta ci ba zan mayar da ita wurin likita, na nemi shi na rasa. Can sai ga shi da leda, gumi ya jiƙa masa riga. Ashe bakin kogi ya je da gwiwar nan tasa, ya samo ɗanyen kifi daga hannun masunta. Bai ba ni ba. Shi ya dafa a 'yar tukunya, ba gishiri, ya zauna a kan turmi yana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga tsokar sama yana dubawa. Mutumin da ko shayinsa sai an haɗa masa.

Ya tura kwanon ƙarƙashin randa. Magen na ganin hannunsa ta yi baya tana huci.

Ya ce, "Ke ba ta. Ni ta riƙe ni a zuciya."

Na durƙusa na cire mata kwalar, na ɗebi kaɗan a yatsa na kai mata hanci. Ta shinshina ta daɗe. Ta lasa. Ta tsaya kamar mai tunani, sannan ta miƙe da ƙyar ta sa kai cikin kwanon. Muka yi tsit muna jin 'yar ƙarar taunarta. Ta cinye, ta lashe kwanon, ta ɗago tana neman ƙari.

Daidai nan ƙanwata ta yi sallama, hannunta duk mai. Ta duba kwanon, ta duba mu, ta ce, "Alhamdu lillahi. To Yaya, yau sai a ci abinci a gidan nan."

Maigidana ya gyara zama a kan turmin, muryarsa ta dawo. Ya ce, "Amma ku duba wuyanta da kyau. Susar ta ragu fa."

Ta ce, "Baba, kwala ce ta hana ta."

"Ku dai ba kwa son a ce maganina ya yi."

"Ya yi, Baba. Saura kaɗan ya raba ta da ƙazuwa har abada."

Ya yi dariya har da tari, ya ce in zuba wa yarinyar nan sauran kifin ta tafi da shi, tunda bakinta ba ya mutuwa. Ta ce ba ta cin ragowar mage, amma in da shayi za ta zauna. Na tashi na ɗora ruwa.